Bayan ruwa ya janye: yadda ambaliya da fari ke cin girman ƙananan yara

Duk shekarar da marka ta yi ƙarfi a Zariya, rafin Kubanni ya cika ya tumbatsa, Kamacha ya haura bakinsa, ko Galma ya malale fadama, lissafin da ake yi washegari iri ɗaya ne: gida nawa ya rushe, katanga nawa ta faɗi, gona nawa ruwa ya kwashe, an rasa rai ko ba a rasa ba. Idan aka ce ba wanda ya mutu sai a yi hamdala, a yi wa juna jaje, "Allah ya mayar da alheri", kowa ya kama gyaran abin da ya saura. Lissafin daidai ne, amma bai cika ba. Akwai asarar da ba ta shiga takardar kowa, domin ranar da ake zagayawa ana ƙirga ba ta ma fara ba. Sannu a hankali take zuwa, cikin wata uku, wata shida, shekara, kuma a jikin waɗanda ba su iya kai kuka ba: ɗan da ke ciki, jaririn da ke goye, da wanda ke tatata.

Sai an san saurin da jikin yaro ke yi kafin a gane dalilin da ya sa su ne suka fi cutuwa. Lafiyayyen jariri kan zo duniya da nauyin kilo 3 ko ɗan fiye, tsawonsa wajen santimita 50. Kafin ya cika wata shida nauyin nan ya ninka, ranar da ya shekara ya zama uku ɗinsa, ga kuma ƙarin wajen santimita 25 a tsawo. A shekara ta biyu ya ƙara kamar 12. Yaron da ya cika shekara biyu ya riga ya kai kusan rabin tsawon da zai yi idan ya zama mutum. Jiki ba ya sake irin wannan gudu har abada, ko lokacin balaga bai kama ƙafarsa ba. Shi ya sa likitocin yara ke yawan maganar kwana 1,000 na farko, wato daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Ƙashi na miƙewa, ƙwaƙwalwa na haɗuwa, hanji na koyon aikinsa, garkuwar jiki na ginuwa, duk a lokaci guda, kuma duk daga abin da ya bi ta cibiya ko ya shiga baki.

Manomin Giwa ko Soba ya san wannan a gonarsa. Idan ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da masara ke goyo, ko daga baya an yi ta sheƙa shi har ƙarshen damina, totuwar ba za ta cika da ƙwaya ba. Magidanci zai iya shan wahalar wata biyu ya rame, hali ya gyaru ya murmure ya koma yadda yake. Ɗan wata goma da ya sha wahalar wata biyun nan, wani abu ne ya wuce shi a lokacin da ya kamata a yi shi.

Illar tana fitowa ta fuska biyu, kuma ba a cika rarrabe su ba. Ta farko ita ce rama. Tana zuwa da gaggawa, cikin makonni: yaro ya zube, fatar cinya ta yi yaushi, idanu su faɗa, ya daina wasa, wani lokaci ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Ita ce muke kira tamowa idan ta yi tsanani, ita ce kuma mai kisa. Ma'aikatan lafiya na gane ta da ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, yaro na cikin haɗari. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, ya kama hanya. Yaron da ya kai ja, ciwon da wani zai yi ya tashi, kamar gudawa ko ciwon haƙarƙari, shi yana iya tafiya da shi.

Ta biyu ita ce tsumburewa, kuma ita ce ta fi damuna, domin ba ta da ranar farawa, ba ta sa a ruga asibiti. Jikin da abinci bai ishe shi ba, ko ciwo ya hana shi amfana da abincin, yana da abin da yake fara ceto: zuciya, numfashi, ƙwaƙwalwa. Tsawo shi ake jinginewa. Sai ka ga yaro kumatu a cike, yana guje-guje a tsakar gida, ba wanda zai ce ba shi da lafiya, amma ɗan shekara uku ne da jikin ɗan shekara biyu. Abin kuma bai tsaya ga tsawo ba. Rashin da ya hana ƙashi miƙewa shi ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa a ƙasashe da dama aka ga yaran da suka tsumbure sun fi makara wajen shiga makaranta, sun fi shan wuyar karatu. Yarinyar da ta tashi a tsumbure kuwa, idan ta girma ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda, ta fi kuma yiwuwar haihuwar ɗan ƙaramin jariri. Ta haka wahalar damina ɗaya ke iya kaiwa ga jika.

A tuna kuma ba a kan ƙoshi bala'in ke samun yaranmu ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Wato tun kafin ruwa ya shigo ɗaki, fiye da rabin yaran yankinmu a bakin gaɓa suke. Ambaliyar 2022 da ta kashe fiye da mutum 600 ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, da ɓallewar madatsar Alau da ta shafe sassan Maiduguri a Satumbar 2024, duk a kan irin waɗannan yara suka sauka.

Ba hasashe ba ne cewa bala'i na rage tsawo, an auna. A Zimbabuwe an yi fari a daminar 1994 zuwa 1995, aka yi dace akwai masu bincike da suka daɗe suna auna yaran wasu ƙauyuka shekara-shekara. Sai suka ga 'yan wata 12 zuwa 24 sun yi asarar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu na girman da ya kamata su yi, alhali yayyensu da suka ɗan tasa, a gida ɗaya, a kan tukunya ɗaya, ba a ga wannan a jikinsu ba. Bayan shekara huɗu, 'ya'yan gidajen da ba su da ƙarfi ba su cike giɓin ba. A Habasha, inda fari da yaƙi suka haɗu suka haifar da yunwar 1984, an bi waɗanda suka rayu bayan shekara ashirin, aka tarar waɗanda yunwar ta riska suna tsakanin shekara ɗaya da uku sun gaza tsararrakinsu da aƙalla santimita 5. A Bangaladash, ambaliyar 1998 ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, kuma yaran gidajen da ruwa ya shiga sun kasance ƙanana fiye da na gidajen da bai shiga ba, fiye da shekara guda bayan ruwan ya janye. Wani abu da binciken Bangaladash ya gano ya kamata mu riƙe shi da kyau: tallafin da ke gudana tun kafin ambaliyar ya fi kare girman yara a kan wanda aka kawo bayanta.

To ta wace hanya ruwan da ya yi kwana biyu a tsakar gida ke isa ƙashin yaro?

Hanya ta farko ta cikin ciki ce. Mai juna biyu da ɗakinta ya rufta, ta kwana a ajin makaranta ko zauren maƙwabta, abinci ya ragu, barci ya gagara, hankali a tashe, jikinta na fitar da sinadaran firgici. Mabiyiya kan tace mafi yawansu, amma idan abin ya yi yawa ya daɗe sai su isa ga ɗan, jinin da ke kai masa abinci kuma ya ragu. Sakamakon yana iya zama haihuwar bakwaini ko jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Wannan ba sai da yunwa ba. A Kanada, guguwar ƙanƙara ta Janairun 1998 ta bar jama'ar lardin Kebek makonni ba wuta, kuma da aka bi 'ya'yan matan da ke da ciki a lokacin, an ga gwargwadon wahalar da uwa ta sha, gwargwadon alamar da ta bari a jikin ɗan, har da saurin yin ƙiba tun yana ɗan shekara biyar. A nan kuwa muna da ƙari: ruwan da ya kwanta a kududdufai da kwatoci bayan ambaliya gidan sauro ne, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro kuma tana son maƙalewa a mabiyiya ta rage abin da ke wucewa zuwa ga ɗa. A daidai wannan lokaci ne kuma mace ke daina zuwa awo, domin hanya ta yanke ko kuɗin mota ya tafi gyaran katanga, sai ta rasa maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin da ake bayarwa a can. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsumburewar yara tun daga ciki take farawa.

Hanya ta biyu ita ce ruwan sha, kuma a garinmu ita ce babba. A yawancin gidajen cikin birni, Tudun Wada da Sabon Gari, tsakanin rijiya da masai taku kaɗan ne. Ranar da ruwa ya malale ya haɗa su, an gama. Bayan kwana uku rijiyar za ta kwanta ta yi garau, a ɗebo a zuba a randa, ba wanda zai ga komai da ido. Ƙasar tsakar gida ma ta sha wannan ruwa, a kanta mai rarrafe ke wuni, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai.

Abin da gudawa ke yi wa ƙaramin yaro ya wuce zubar da ruwan jiki. A bangon hanji akwai ƙananan tsiro-tsiro marasa adadi, su ne ke tsotse amfanin abinci. Kowace gudawa tana goge su, kuma sai sun ɗauki lokaci kafin su farfaɗo. Idan wata ta biyo baya kafin su warke, sai a samu yaron da ke ci amma abincin wucewa kawai yake yi. Wani ma ba ya gudawar a fili, amma yawan haɗiyar ƙazanta ya sa hanjinsa cikin kumburi kullum, jiki na ta yaƙi, idan kuwa jiki na yaƙi sai ya rage sinadarin da ke sa ƙashi tsawo. Da aka haɗa bayanan yara daga ƙasashe da dama, an ƙiyasta cewa kashi ɗaya cikin huɗu na tsumburewar 'yan shekara biyu ya samo asali ne daga yin gudawa sau biyar ko fiye kafin su kai wannan shekaru. Ga rashin abinci na raunana garkuwa, ga ciwo na hana cin abinci, kowanne na buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne maganar "haƙori ne" ke yi mana ɓarna. Uwa ta ce yaro na zawo kwana uku, kakarsa ta leƙa bakinsa ta ce, "Ke dai kwantar da hankalinki, haƙori zai fitar." Ba da mugun nufi take faɗa ba, ta ga hakan a 'ya'yanta. Amma lokacin fitar haƙori, daga wajen wata shida, shi ne lokacin da yaro ke fara rarrafe, ake fara ba shi kunu da ruwa, kariyar da ya taho da ita daga jikin uwa kuma take raguwa. Haƙorin da zawon sun yi kiciɓis ne, ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Haka ma maɗigar da ta faɗa, ba abin shafawa take nema ba, ruwa ne ya ƙare a jikin yaro. Maganin ba tsada: ruwan gishiri da sukari, na leda da ake samu a asibiti da kemis ya fi, idan babu a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Kada a janye nono ko abinci da sunan hutar da ciki, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu, domin a wannan ƙarin ne yake biyan abin da ya zubar.

Sai maganar nono, wadda nake ganin a nan kyakkyawar niyya ta fi yin illa. Matar da ta firgita sau da yawa za ta ce, "Nonona ya ƙafe." Abin da ke faruwa shi ne tsoro na hana nonon saukowa na ɗan lokaci, amma jiki bai daina yin sa ba. Idan ta samu wurin da za ta zauna a suturce, ta sha ruwa, ta ci abinci, ta ci gaba da sa yaro a ƙirji akai-akai, zai dawo. Ko uwar da ba ta ƙoshi sosai tana yin nono mai amfani, jikinta ne ke biya, don haka ita ya kamata a ciyar. Amma me ake yi? Mai tausayi ya shigo da katan ɗin madarar gwangwani ya raba wa duk mai goyo. A dama ta da ruwan rijiyar nan, a zuba a fidar da ba a samu itacen tafasa ta ba, a tsinkaka don ta kai kwanaki. Yaro ya rage tsotso, nonon ya ragu da gaske, gwangwani ya ƙare, ba kuɗin sayen wani.

An ga ƙarshen wannan a wurare. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Yogyakarta na Indonesiya a 2006, jariran da aka raba wa madarar agaji sun yi gudawa ninki biyu na waɗanda ba a ba su ba. A Botsuwana, bayan ruwa mai yawa a farkon shekarar nan ta 2006, annobar gudawa ta kashe yara fiye da 500, akasarinsu waɗanda ba sa shan nono. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono zalla shi ne abincinsa, shi ne ruwansa, shi ne rigakafinsa, ko ana zafin bazara ba ya bukatar a ɗura masa ruwa, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Amma a ƙasar nan kashi 29 cikin 100 kacal na jarirai ke samun nono zalla. Da yawa daga cikin sauran ana ba su ruwa tun suna kwanaki, kuma ranar ambaliya wannan ɗan cokalin ruwa shi ne ƙofar ciwo. Marayan da ba shi da mai shayarwa hukuncinsa daban: a nema masa mai shayar da shi a dangi, abin da al'adarmu da addini suka sani, in ba a samu ba a ba shi madara bisa kulawar ma'aikacin lafiya, da kofi maimakon fida.

Yaye ma na shigowa. Gida ya rushe, iyali sun rarrabu a gidajen 'yan'uwa, sai a ce a kai yaro wurin kakarsa tunda dama ya kusa. Dare ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa wurin da ya sani, ya ƙi cin abinci. Alhali a shekara ta biyu nono na iya ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinsa ke bukata, kuma shi ne abu ɗaya tilo mai tsafta da ya rage masa. Shekara biyu cikakku da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ga mai son cika shayarwa, ita ce dai likitoci ke roƙo yau.

Wanda ya wuce wata shida kuwa, matsalarsa ƙanƙantar ciki. Tumbinsa bai fi ƙaramin kofi ba, don haka abin da za a zuba dole ya zama mai nauyi, kuma a yi ta maimaitawa: sau biyu zuwa uku a rana ga ɗan wata shida zuwa takwas, sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa ga wanda ya wuce haka. Idan hali ya ƙuntata, ba hatsi gida ke fara yankewa ba, abin da ke kan hatsin ne: ƙwai, kifi, wake, mai, gyaɗa. Sai a bar yaro da tsararon koko, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Idan fari ne, haka abin ke tafiya amma a hankali, ta hanyar kuɗin tiya a kasuwa da rumbun da ya ƙare tun kafin sabon hatsi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda tuwo ke komawa sau ɗaya a rana, kuma a tire ɗaya da yayye, ɗan shekara ɗaya da rabi ba ya samun rabonsa. Kwanonsa daban ya kamata ya kasance. Kunun da aka yi da kauri aka sa masa gyaɗa ko garin waken suya da ɗan manja, faten da ya ji ganye da gyaɗa, dafaffen wake da aka murje, garin busasshen kifi, zogale, duk ba baƙin abubuwa ba ne a Zazzau. Amma suna bukatar lokacin uwa, ita kuwa tana can tana kwashe laka, tana wankin abin da ya jiƙe, tana layin karɓar kaya, goyon na hannun yayarsa 'yar shekara bakwai.

Akwai wata hanyar da ba a cika kula da ita ba, ga shi mu masu noman masara da gyaɗa ne. Hatsin da ruwa ya taɓa, ko wanda fari ya wahalar a gona, ko wanda aka adana bai bushe ba, yana yin fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma na fitar da guba da ake kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Abin da aka saba shi ne a kai mai kyau kasuwa, a bar wanda ya ɗan canza launi a gida, shi za a jiƙa a yi kamu, gyaɗar kuma a yi ƙuli-ƙuli da kunu. A Jamhuriyar Benin an bi wasu yara wata takwas, aka ga waɗanda suka fi yawan gubar a jini sun gaza waɗanda suka fi ƙarancinta da santimita 1.7 a girman da suka yi cikin wannan ɗan lokaci. Hatsin da ya yi baƙi, ya yi kore ko ya yi warin ruɓa, a tsince shi a fitar, shanya kuma a yi ta a kan tampol ba a ƙasa ba.

Wani zai ce, "Ai gidansu duk gajeru ne, gado ne." Gado na da nasa rabo a tsakanin mutum da mutum, amma ba shi ne ke sa rabin yaran yanki guda su gaza ba. Ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin da aka gani shi ne, idan yara sun sha nono, sun ci da kyau, sun tashi cikin tsafta, girmansu a shekarun farko kusan ɗaya ne ko daga wace nahiya suka fito. Sau da yawa abin da muke kira gadon gajarta, gadon wahala ne.

Ba kuma ina cewa wanda bala'i ya taɓa ya gama ba. Nauyi na dawowa da sauri. Abincin nan na leda da ake ba masu tamowa, wanda aka haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, madara, mai, sukari da sinadarai, yana tayar da yaron da ya kai ja cikin makonni, a gida ma, ba sai an kwantar da shi ba idan yana iya ci kuma ba wani ciwo a tare. Tsawo ya fi wuyar dawowa, amma yana yiwuwa idan aka yi da wuri. A Aceh ta Indonesiya, yaran da igiyar ruwan teku ta Disambar 2004 ta riska suna ciki sun fara tasowa a gajarce, amma bayan 'yan shekaru, da aka sake gina yankin abinci da aikin yi da asibiti suka wadata, akasarinsu sun kamo tsararrakinsu. Bambancin Aceh da ƙauyukan Zimbabuwe ba a girman bala'in yake ba, a abin da ya biyo baya ne, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana yi.

Wannan ne ya sa nake ganin yadda muke agaji na bukatar gyara. Ana rubuta sunayen magidanta, a kawo shinkafa, taliya, tabarma da bargo, a raba cikin mako biyu, a watse. Duk ana bukatarsu, amma ba ko ɗaya da aka yi domin ɗan wata takwas, kuma lokacin da ramarsa za ta bayyana masu rabon sun daɗe da tafiya. Mai unguwa da ungozoma sun san kowane gida, ba zai gagare su ba su fitar da jerin masu ciki da 'yan ƙasa da shekara biyu a rana guda. Wannan jeri shi ya kamata a fara bi da sabulu, maganin tace ruwa, gidan sauro, ledar ruwan gishiri da sukari, da abinci na musamman ga mai shayarwa. A ware wa mata masu goyo ɗaki a duk inda aka tsugunar da jama'a. A zuba wa rijiyoyin da ruwa ya shiga magani kafin a koma sha. Sannan a riƙa komawa wata-wata ana auna dantse da nauyi har kaka ta wuce, har rani ya shiga. Ma'aunin dantsen nan, uwar da ba ta yi boko ba za ta iya koyon sa cikin 'yan mintoci, launi ne kawai.

Kuma ba mu da uzurin rashin masana. Garin da ke da Asibitin Koyarwa a Shika, Cibiyar Lafiyar Yara a Banzazzau, Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru mai fitar da irin masara mai saurin nuna da mai jure fari, bai kamata ya jira wani ya zo daga nesa ya gaya masa wannan ba. Hukumar hasashen yanayi kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, unguwannin da ke gangaren rafi kuma sanannu ne. Tun a watan Yuni za a iya tabbatar da cewa yaran waɗannan unguwanni sun cika rigakafinsu, sun sha bitamin A, suna karɓar maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida da shi wata-wata a damina.

Rigakafin nan shi ne abin da ke saurin yankewa bayan ambaliya, ga shi cunkoson mutane a ɗaki ɗaya shi ƙyanda ke so, ƙyanda kuwa na iya mayar da lafiyayyen yaro mai tamowa cikin wata guda. Allurarta ana yi a wata tara, a maimaita a wata 15. Uwaye da yawa na daina zuwa don katin ya jiƙe ko ruwa ya tafi da shi, suna tsoron faɗan ma'aikata ko suna zaton sai an sake daga farko. Ba a sakewa daga farko. A je asibitin da aka saba, a faɗi abin da ya faru, za a duba rajista a ba da sabon kati, a ɗora daga inda aka tsaya, kuma a nemi a ɗora yaron a sikeli tun da an zo.